A Jirgin Sararin Samaniya Ma Karta Ake Bugawa

Ɗan ƙanwata ne ya jefo mini tambayar, ran wata Asabar bayan magariba da aka ɗauke wuta a Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana, muka rasa abin yi sai kwamfuta mai sauran caji kaɗan. Na kunna masa tsohon shirin nan na Star Trek da nake ajiye da shi tun zamanin da muke sayen faifai a Kejetia. Yaro ɗan shekara 13, ya zuba ido yana kallon mutane cikin riguna masu ɗame jiki suna kai da kawowa a wani jirgi da ko ƙura babu. Can sai ya ce, "Kawu, su waɗannan in sun tashi daga aiki me suke yi? Ba su da fili?"

Na ce masa suna da abin da ya fi fili. Suna da wani ɗaki da ake kira holodek, wanda masu shirin suka mayar da shi babban abin yayi tun daga 1987. Ɗaki ne fanko, bangonsa baƙi da zane-zanen layuka. Kana shiga sai ka faɗa wa kwamfuta abin da ranka ke so, nan take ɗakin ya rikiɗe. In teku kake so ga teku har da iskarta, in daji ga daji, in kasuwar wani birni ta shekaru 400 da suka wuce ga ta da mutanenta, su yi maka magana ka mayar musu.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To in na ce ina son buga ƙwallo da Kotoko, wa zai ci?"

Na ce, "Kai, in ka ga dama."

Ya taɓe baki. "To ai ba daɗi ke nan."

Na daɗe ina karanta ƙagaggun labaran kimiyya, tun daga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, littafin 1969 da wani malaminmu ya zo da shi daga Najeriya, har zuwa na Turawa, amma ban taɓa jin wanda ya tsire matsalar da kalma shida kamar yaron nan ba. Marubutan wannan fanni gwanaye ne wajen ƙirƙiro makami da jirgi da cuta da gwamnati. Da zarar an zo kan hutu da nishaɗi kuwa, yawancinsu abu guda suke kawowa: na'urar da za ta ba kowa abin da yake so, shi kaɗai, ba jira, ba gardama, ba kaye. Ni kuma ra'ayina shi ne wannan ba wasa ba ne. Wasa yana bukatar wani mutum da zai iya kayar da kai, yana kuma bukatar wurin da za ku haɗu ba tare da an tambaye ku kuɗin shiga ba. Mu a zangon Kumasi muna cikin asarar na biyun, kuma asararsa ce ke janye mana na farkon.

Su kansu masu shirin sun gane haka, ko da ba su faɗa ba. A 1990 sun yi wani kashi a kan wani injiniya mai kunya, wanda ba ya iya haɗa ido da manyansa. Sai ya riƙa shiga ɗakin nan yana ƙera kwafinsu, ya yi faɗa da su ya buge su, matan ciki kuma duk shi suke so. Ya kamu har yana makara wurin aiki. Wato na'urar da aka gina don hutu ta zama maɓoyar mai gudun mutane. Kuma da shirin ya zo ƙarewa a 1994, bayan shekara 7 ana yawo tsakanin taurari, da me aka rufe? Da tebur da karta. Manyan jami'an jirgin sun saba zama buga karta, kyaftin ɗinsu bai taɓa zama da su ba saboda girman kujera. A fitowar ƙarshe ya shigo, ya ja kujera, ya ce tuntuni ya kamata ya yi haka, ya karɓi karta ya raba. Mutanen da ke da ɗakin da zai iya zama komai a duniya, sai ga shi abin da ya fi musu daraja shi ne takardu 52 da fuskokin juna.

Akwai wani ɗan wuri a shirin da nake so ƙwarai. Ɗaya daga cikin 'yan teburin mutum-mutumi ne, ƙwaƙwalwarsa ta haddace duk abin da aka taɓa rubutawa game da karta. Ranar farko da ya zauna, abokin aikinsa ya ɗaure fuska ya yi ta ƙara kuɗi alhali hannunsa ba komai, shi kuma mai lissafi ya tsorata ya ajiye kartarsa. Duk wanda ya taɓa zama a bencin dame a Alabar ko Akwatia Line ya san wannan. Rabin wasan ba a kan allo yake ba. Yana cikin yadda tsoho zai ɗaga ɗan dame ya maka shi da ƙarfi har allon ya girgiza, yana cikin baƙar maganar 'yan kallo, yana cikin tashin da wanda aka ci zai yi ya bar benci ana masa ihu. Cire waɗannan ka bar lissafi zalla, ka ga ko wani zai ɓata yammacinsa a wurin. Wani abin lura kuma, a duniyar shirin an ce an daina amfani da kuɗi, don haka abin da suke zubawa a tebur ba ya sayen ko ƙosai. Abin da ake ci kawai shi ne bakin magana har zuwa mako mai zuwa.

Kada a ce wannan duk tatsuniya ce, mu duba waɗanda suka je sama da gaske. A watan Yuni na 1970 'yan sama jannatin Rasha biyu da ke cikin kumbon Soyuz 9 sun buga cas, wasan allo mai kama da dara, da abokan aikinsu na ƙasa ta rediyo, da wani allo na musamman da aka ƙera don kada 'ya'yan su tashi sama, aka tashi canjaras. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka Alan Shepard ya tafi da kan sandar golf har duniyar wata ya buga ƙwallo biyu da hannu ɗaya. Mutanen da ke tashar sararin samaniya a yau suna zagaya duniya cikin kusan minti 90, rana ta fito musu sau 16 a yini, kuma abin da da yawansu ke yi in sun sami sarari shi ne su taru a bakin taga suna kallon ƙasa, ko su haɗu cin abinci, ko wani ya ɗauko jita. An kashe biliyoyin daloli an kai mutum sama, ya isa ya nemi taga da abokin hira, kamar dai tsohon da ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

Wanda ya hango inda muka dosa da idon basira shi ne Aldous Huxley, a littafinsa Brave New World na 1932. A duniyar da ya zana, hukuma ba ta hana wasa. Tana ma tilasta shi. Sai dai ba ta amincewa da sabon wasa sai an tabbatar yana bukatar kayan aiki masu yawa da za a saya, kuma ana yi wa mutanen dā dariya saboda sun yarda a yi wasa da ƙwallo ɗaya da 'yan sanduna, abin da ba ya ƙara wa kowa ciniki. Lokacin da na fara karanta wannan na ɗauka ba'a ce irin ta Bature. Yanzu in na bi ta unguwa ina tuna shi.

Filin da muka taso muna buga ƙwallo a cikinsa, ba zan faɗi wanda ya sayar ba, yau shaguna ne a jere da gidan sama a kansu. Ja ne, mai tsakuwa, in ka faɗi sai gwiwa ta sale, tsakiyarsa kuma akwai hanyar da masu tallan koko ke ratsawa ko ana tsaka da wasa. Amma ba mai mukullinsa. Yaro ya taso daga makarantar allo da ƙwallon leda da aka ɗaure da roba, ya ajiye duwatsu biyu, an yi raga. Yanzu abin da ake yayi shi ne filin roba mai koren shimfiɗa, da waya a zagaye da fitilu a sama. Tun da aka kafa asusun raya zango a 2017 an gina irinsa a wasu unguwanni, 'yan kasuwa ma sun gina nasu. Ba zan yi ƙarya ba, ya fi namu kyau nesa ba kusa ba. Ba ƙura, ba sale gwiwa, ana iya wasa har dare. Kuma na ji hujjar masu karɓar kuɗi: shimfiɗar tana lalacewa, wuta ba kyauta ba ce, in aka bar shi sake cikin shekara biyu ya zama kango. Gaskiya ne. Amma ka tsaya a bakin irin wannan fili da yamma ka ga su wa ke ciki, su wa ke waje. A ciki manya ne masu albashi da suka haɗa kuɗin awa, a waje yara ne sun saƙala yatsu a jikin waya suna kallo. Ƙwallo ɗaya da duwatsu biyu ta koma takalmi na musamman da riga da kuɗin awa. Huxley bai taɓa zuwa Asawase ba, amma ya san labarin.

Kumasi da ake wa kirari da birnin lambuna. Filin yara na Amakom ya shafe shekaru ciyawa na cinye shi. Rattray Park da aka buɗe a 2015 yana da kyau, ruwa na rawa da dare, amma da kuɗi ake shiga, kuma uwa mai 'ya'ya biyar a Sawaba sai ta yi lissafin mota da na ƙofa kafin ta motsa, shi ya sa sai ranar Sallah. Babban filin wasanmu sunan Baba Yara gare shi, ɗan Kumasi da ya yi tashe a Kotoko kafin haɗarin mota na 1963 ya katse masa wasa. Ɗan ƙwallon nan Mohammed Kudus a turɓayar Nima ta Accra ya fara. Muna alfahari da su, muna liƙa hotunansu, muna kuma zuba kankare a kan irin wuraren da suka fito.

Yaron da ya rasa fili ina zai tafi? Ɗakin holodek ɗinsa na aljihu. Waya tana yin daidai abin da na faɗa wa ɗan ƙanwata: ta san abin da kake so, ta miƙo maka, ba jira. Ga wanda ya ɗan girma kuma akwai caca ta ƙwallo, wadda ta ɗauki wasan da ake yi da ƙafa da ihu ta mayar da shi lamba a fuskar waya. Ka ga matasa a bes, wurin zaman hirarsu, ataya na tafasa, kowa ya sunkuya. Ba ruwansa da wa ya iya taka leda, kusurwa nawa za a buga yake jira. Har abin ya kai gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka ci a 2023, ya zama maganar yaƙin zaɓe, aka soke shi a 2025. Ka duba fa, ƙasa guda ta yi ta muhawara a kan harajin caca, ban ji an yi rabin wannan muhawarar a kan inda yaro zai buga ƙwallo kyauta ba. Kuma a 2025 ɗin ne aka sa wa ma'aikatar wasanni suna mai ɗauke da kalmar nishaɗi. Sunan ya yi. Ina jiran ganin nishaɗin.

Nan sai in taka wa kaina birki, don akwai inda masu kukan "zamaninmu ya fi" ke yin son kai, ni ma ina ciki. Filin nan da nake wa kuka, na maza ne. Bes na maza ne. Bencin dame na maza ne. Ƙanwata, uwar yaron nan, ta yi ampe da gaɗa har wajen shekara 11, daga nan aka ce ta girma. Lokacin da muke fili tana wankin tukwanen waakye, lokacin da muke gidan bidiyo tana tallan dare. A jirgin Star Trek wata na'ura ce ke fito da abinci daga bango, shi ya sa kowa ke da lokacin karta, mace da namiji. A gidanmu na'urar nan sunanta ƙanwata. Don haka in na ga 'yarta yau tana dariya ita kaɗai da waya a hannu, tana hira da ƙawayenta na Madina ta Accra da Tamale, ba na saurin cewa waya ta lalata yara. Wannan ne dandali na farko da aka taɓa barin ta ta shiga ba a kore ta ba. Duk wanda zai yi maganar dawo da fili, in bai sa rana da lokaci na 'yan mata a ciki ba, tsohon rashin adalci yake son dawowa da shi.

Maganar lokaci ma babba ce. A 1930 masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi hasashen cewa cikin shekara 100 mutane za su riƙa aikin awa 15 kawai a mako, babbar matsalarsu ta zama yadda za su kashe sauran lokacin. Shekara ta 2030 ga ta nan a bakin ƙofa. A je a faɗa wa mai tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, da ke fita tun asuba, ko kayayo, 'yar dako, da ke kwana a bakin shago a Adum. Yawancin labaran kimiyya a kan wannan hasashen suka gina nishaɗinsu, cewa injin zai ɗauke wahala, kowa ya huta. Injin ya zo, hutun ne aka raba ba daidai ba.

Sai kuma dattawanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, waɗanda a wurinsu kalmar wasa kusan zagi ce. "Wasa yake yi" na nufin ba shi da hankali. In aka zo rabon fili a unguwa, masallaci da makaranta da shago kowa na da mai kare shi, filin yara ne maraya. Ina tuna musu da ladabi cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata. Ya kuma tsaya ta leƙa ta bayansa tana kallon Habashawa na wasa da masu a cikin masallaci. Ku lura, a tseren farko ita ta ci. Ba a shirya mata nasarar ba, kuma ba a hana ta ba. Hausawa ma da suka zo ƙasar nan fataucin goro ba da kaya kaɗai suka zo ba. Sun zo da dara da langa da kokawa da tatsuniyar Gizo, wanda ya tarar da ɗan'uwansa Ananse a nan. Sun kuma zo da abin da na tabbata babu kwamfutar da za ta iya ƙerawa, wato wasan barkwanci tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, tsakanin Bafulatani da Babarbare. A zango, inda kabilu suka cakuɗe gida ɗaya, wannan wasan ya kashe faɗa da yawa tun kafin ya tashi. Daɗinsa shi ne wanda ka tsokana yana da baki, zai rama, wata rana ma ya fi ka. Ka ce wa na'ura ta zage ka, za ta zage ka, amma kai ka sa ta.

Abin da nake nema bai kai kuɗin kumbo ba. Filin robar da aka gina da kuɗin jama'a, a ware masa awoyi bayan an tashi makaranta da yara za su shiga kyauta, manyan dare su biya kuɗin gyara, tunda su ke da shi. Makarantun gwamnati da ke kulle filayensu da yamma, a buɗe, a sa kwamitin unguwa ya kula. Majalisar ƙaramar hukumarmu ta Asokore Mampong da sarakunan zango su ɗauki fegin da ba a gina ba a matsayin dukiya, su daina ganinsa kamar asara mai jiran mai saye. Na san amsar da za a ba ni, cewa mutane na kwana goma a ɗaki, kai kana maganar ƙwallo. To ai saboda suna kwana goma a ɗakin ne. Mai falo da tsakar gida ba ya bukatar fili kamar wanda ɗakinsa ba ya ɗaukar kowa sai lokacin barci. Masu ƙera jiragen sama jannati, da kowane taku na wuri ke cin kuɗi mai yawa, sun bar wa mutane taga da teburin cin abinci. Ba don tausayi ba, sun gano cewa in ba haka mutanen ba za su jure zama da juna ba.

Muna cikin kallon, cajin ya ƙare daidai lokacin da kyaftin ke raba karta. Muka zauna a duhu, na ɗauko tsohon allon dame na haska fitilar waya. Ya ci ni sau biyu, na ce idona ne ba ya gani da dare, ya ce, "Kawu, tashi daga benci kawai." Wajen ƙarfe takwas wuta ta dawo, unguwa ta ɗauki ihu. Na zuba ido in ga ko zai ci gaba da wasan, sai ya yi wuf ya jona wayar uwarsa a caji. Bai kai ga kunna ta ba aka yi fito daga waje, irin fiton da yara ke kiran juna da shi. Ya leƙa, ya dawo da gudu yana neman takalmi. Fitilun filin roba sun kama, kuma wasu manya da suka kama awar ba su zo ba.

"Kawu, ba ni sidi 5. Mu goma sha biyu ne, kuɗin bai cika ba."

Na laluba aljihu na ba shi. Ƙanwarsa tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon wanke-wanke a hannu, ta bi shi da kallo har ya sha kwana.